Kayan Aro a Wijk aan Zee

A tsakiyar watan Janairu, lokacin da hunturu ke tsattsage leɓɓan mutane a Kano, wani ƙauye da ke gaɓar Tekun Arewa a ƙasar Holan yakan cika da baƙin da suka zo su zauna shiru. Sunan ƙauyen Wijk aan Zee, ana furta shi kusan "Waik an Ze", ma'anarsa unguwar bakin teku, kuma mazaunansa ba su wuce dubu biyu da 'yan ɗaruruwa ba. Abin da ke tara jama'a can shi ne wasan ches, wanda Larabawa ke kira shaɗaranji, mu kuma mukan ce darar Turawa. Manyan gwanaye 14 daga cikin fitattun duniya kan kara da juna zagaye 13, a gefensu kuma 'yan kulob fiye da dubu, malaman makaranta da 'yan fansho da yara 'yan firamare, suna nasu wasannin a zaure ɗaya da su. Wannan cuɗanya ce ta sa ƙauyen ya cancanci a je shi, domin a nan ne za a iya gwada wata magana da na daɗe da gamsuwa da ita: ɗan kulob yana zuba mafi yawan lokacinsa wajen haddace buɗi, wato takun farko-farko na wasa da aka riga aka rubuta a littattafai, alhali ba a nan ake cin sa ba, ba kuma a nan yake ci ba.

Wanda ya tashi daga Kano zai fara da takardar biza, yuro 90 kuɗinta, da layi da jira irin wanda kowa ya sani. A da jirgin KLM yakan ɗauki fasinja daga filin jirgin Malam Aminu Kano ya sauke su Amstadam, kuma ya yi shekaru masu yawa yana haka kafin ya daina a 2012. Yanzu sai a bi ta Legas, ko a zaga ta Alƙahira ko Adis Ababa. Daga Legas tafiyar dare ce ta awa shida da rabi zuwa bakwai, a sauka filin Schiphol da asuba. Filin yana kan ƙasar da a da tafki ce, aka tsotse ruwanta a 1852, kuma har yau yana ƙasa da matakin teku. Tashar jirgin ƙasa tana ƙarƙashin ginin filin, matakala kawai za ka sauka. Ba sai ka gyara agogonka ba, domin a Janairu lokacin Holan da na Najeriya ɗaya ne, amma rana ba ta san da wannan yarjejeniya ba. Sai wajen tara saura kwata take fitowa, in ma ta fito, kafin biyar da 'yan mintuna kuma ta faɗi. Musulmin da ya zo wasa ya lissafa wannan tun daga gida, domin wasan da aka fara da ƙarfe biyun rana zai haɗiye La'asar da Magariba duka, sai ya yi magana da alƙalin wasa tun kafin a kunna agogo.

A Amstadam akwai wurin da ya kamata a tsaya ko da na awa ɗaya ne. Kusa da dandalin Leidseplein akwai wani ƙaramin fili mai suna Max Euweplein, da allon ches shimfiɗe a ƙasa, 'ya'yan wasan kuma manya ne har sai an rungumo su da hannu biyu. Mutumin da aka sa wa filin sunansa, Max Euwe, malamin lissafi ne a wata makarantar 'yan mata, kuma yana kan wannan aikin ya kayar da Alexander Alekhine a 1935 ya zama zakaran duniya. Alekhine ya karɓe kambunsa a 1937, amma kafin nan zazzaɓin ches ya riga ya kama Holan, kulob-kulob sun yawaita a garuruwa da masana'antu. Gasar da muka nufa 'yar wannan zazzaɓin ce. Ma'aikatan masana'antar ƙarfe ta Hoogovens ne suka fara ta a garin Beverwijk a 1938, aikin kulob na bayan tashi daga aiki. Gwanayen ƙasashen waje daga baya suka shigo, kuma sai a 1968 aka mayar da gasar Wijk aan Zee. Kenan 'yan kulob ɗin da ke cika zauren yau su ne masu gida, manyan ne baƙi.

Daga babbar tashar Amstadam jirgin ƙasa yana bi ta Haarlem, a kan layin dogo na farko da aka shimfiɗa a ƙasar a 1839, sa'an nan ya karkata arewa, ya nutse cikin rami a ƙarƙashin mashigin da aka haƙa ya haɗa Amstadam da teku, ya ɓullo a Beverwijk cikin kimanin minti arba'in. Ba kwandasta mai kiran gari, ba ciniki, ba jiran mota ta cika. Katin banki za ka ɗora a kan na'ura da shigarka, ka sake ɗorawa da fitarka, kuɗin kuma ba ya kai yuro goma. Sai dai yuro ɗaya ya haura naira dubu ɗaya da ɗari biyar, saboda haka abin da Bahole ke gani canji ne, a aljihun Bakano kuɗin mota ne zuwa wata jihar. A bakin tashar Beverwijk akwai bas mai lamba 78, tafiyar kwatan awa. A hannun hagu kusan duk tsawon hanyar masana'antar ƙarfen ce: dogayen bututun hayaƙi, tulin gawayi da tama, tururi fari yana tashi cikin sanyi. An kafa kamfanin a 1918, ya haɗe da na Ingila ya zama Corus a 1999, kamfanin Tata na Indiya ya saye shi a 2007, gasar kuma tana canza suna tare da shi. Ɗan Najeriya ba zai kalli wannan hayaƙi bai tuna Ajaokuta ba, inda aka gina irin wannan aka bar ta ba hayaƙi. Amma kada sha'awa ta rufe ido: hukumar lafiyar jama'a ta Holan ta samu dalma da wasu sinadarai masu cutarwa a ƙurar da ke sauka a ƙauyen, kuma a 2023 ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar tana rage wa mazauninsa kimanin wata biyu da rabi na rayuwa. Mai ɗaukar nauyin gasar da mai ƙurar mutum ɗaya ne, mutanen garin kuma sun san haka.

Ƙauyen kansa ɗan ƙarami ne, kwance tsakanin tuddan yashi. A tsakiyarsa akwai wani faffaɗan fili mai ciyawa, da tsohuwar majami'a, gidaje da otal-otal sun kewaye su. Ka hau tudu ɗaya sai ga teku, launin toka, da iskar da ke shiga har ɓargo. Sanyin Kano na safiya ne, hantsi ya kore shi. Wannan kuwa jiƙaƙƙe ne, yana yini yana kwana. Masauki shi ne babban abin da ke cin kuɗi. Da wuya a samu ɗakin otal ƙasa da yuro ɗari a dare a lokacin gasar, kuma masu zuwa kowace shekara sukan kama nasu tun watanni kafin nan, wanda ya makara sai ya kwana Beverwijk ko Haarlem yana biyo bas kullum. Karɓar baƙi a nan daban take da tamu. Ba wanda zai ce maka bismillah don ka same shi yana cin abinci, ba a zuwa gidan mutum sai da alƙawarin rana da sa'a, kuma abokai sukan raba kuɗin abin da suka ci, kowa ya biya nasa. Wanda ya saba da ƙasar da baƙo ke kwana uku kafin a tambaye shi abin da ya kawo shi zai ga kamar rowa ce. Amma karamcinsu yana wani wurin. Shiga kallon gasar kyauta ne. A teburin wasa kuma al'adar kulob-kulob ɗinsu ce wanda zai je ɗauko kofi ya raɗa wa abokin karawarsa ko yana son wani abu, ya biya masa, in an jima shi ma ya rama. Kofi ɗaya wajen yuro uku ne, ga shi an saya wa mutumin da ke ƙoƙarin kashe maka sarki.

Abincin rana a Holan burodi ne da cuku, mai sanyi, ba miya ba yaji, kuma ba sa ganin an rage su da komai. Abin da zai fi faranta wa baƙo rai shi ne kifi, domin tashar masunta ta IJmuiden tana tsallaken mashigin: gutsattsarin farin kifi da aka tsoma a ƙullu aka soya, suna kiransa kibbeling, a ci shi da zafinsa a tsaye. Abincin da aka san gasar da shi kuwa faten wake ne, irin koren waken nan, mai kauri har cokali ya tsaya a ciki, sunansa snert. Asalinsa daga yunwa ne. Ba a yi gasar a 1945 ba saboda yaƙi, da aka dawo a 1946 abinci ya yi ƙaranci, sai aka rufe taro da wannan fate na talaka, kuma tun daga nan da shi ake rufewa, zakaran duniya da ɗan kulob kowa da kwanonsa. Al'ada ce mai kyau, amma a yadda aka saba dafa shi da naman alade ne, don haka Musulmi ya tambaya kafin ya miƙa hannu.

Zauren da ake wasan sunansa De Moriaan, ɗakin taro da motsa jiki ne na ƙauyen, ba wani ƙasaitaccen gini ba. A gefe ɗaya an keɓe wa manya wurinsu, da manyan allunan bango masu nuna kowane taku da aka yi. Sauran filin kuwa layi-layi ne na tebura, 'yan kulob an kasa su rukuni-rukuni gwargwadon ƙarfinsu, wasu na mutum huɗu masu wasa uku, wasu na mutum goma masu wasa tara. Wanda ya san dandalin dara a gindin bishiya, inda 'yan kallo ke ihu suna nuna wa mai wasa gurbi da yatsa, zai sha mamaki. Ɗaruruwan mutane ne a ɗaki ɗaya, amma ba abin da ake ji sai tari da ƙas-ƙas ɗin danna agogo. Wanda ya taɓa ɗa dole ya taka shi, kowane taku sai an rubuta a takarda, wayar da ta yi ƙara kuma ta jawo wa mai ita faɗuwa. A minti goman farko ne za ka ga abin da na zo da kai ka gani. Hannuwa suna ta gudu a teburan 'yan kulob, tas-tas-tas, kowa yana zazzage abin da ya haddace, kuma sau da yawa takun da ke kan teburinsu su ne dai waɗanda ke kan allon bango. Sai can wajen taku na takwas ko na goma hannuwa su tsaya, kawuna su sauka cikin tafin hannu. Daga nan ne hanyar manya da ta ƙanana ke rabuwa.

Wasan da ya fi kowane shahara a tarihin wannan ƙauye an yi shi ne ranar 20 ga Janairun 1999, tsakanin Garry Kasparov da fararen 'ya'ya da Veselin Topalov na Bulgeriya da baƙaƙe. Allon yana da gidaje 64, ana kiransu da harafi daga a zuwa h da lamba daga 1 zuwa 8. Kasparov ya tura dakarunsa biyu na tsakiya zuwa e4 da d4. Topalov ya bar masa tsakiyar, ya ɗan matsa dakare zuwa d6, ya fito da doki f6, ya kwantar da bishof ɗinsa a lungun g7 yana hangen allon daga kusurwa zuwa kusurwa. Wannan shi ne Kariyar Pirc, da sunan wani gwani ɗan Sloveniya, Vasja Pirc. Amsar da Kasparov ya bayar ita ce abin lura: bishof zuwa e3, sarauniya a bayansa a d2, sa'an nan bishof ya tafi h6 ya yi musaya da wancan na lungu. 'Yan wasan Ingila suna kiran wannan tsari Harin 150, kuma sunan da ɗan shaguɓe a cikinsa. A tsohon ma'auninsu, mai maki 150 ɗan kulob ne mai ɗan ƙarfi, kwatankwacin 1800 a ma'aunin Elo, wato dai tsarin yana da sauƙin da irin wannan mutum zai iya gudanar da shi ba tare da ya haddace komai ba: kawar da mai gadin sarki, tura dakaren gefe ya fasa ƙofa, shigo da sarauniya. Kasparov a lokacin makinsa na Elo 2812 ne, ba wanda ya kai shi a duniya, kuma ba wanda aka fi jin tsoron shirinsa na buɗi kamarsa. Ga shi ya shigo da makamin 'yan kulob.

Makamin kuma bai ba shi komai ba. Topalov ya ƙi kai sarkinsa lungun da ake jiransa, ya tura dakaru ta ɗaya gefen, ya ɓoye sarkin a can, har wajen taku na 23 ba mai cewa baƙi na cikin matsala. A taku na 24 ne Kasparov ya ɗauki hasumiya, wadda darajarta ta kai dakaru biyar, ya cinye dakare ɗaya a d4 da ita, a gidan da yake sane za a kashe ta. Topalov ya karɓa. Nan take aka miƙa masa hasumiya ta biyu a e7, wadda in ya ci sarkinsa ya mutu, sai sarkin ya fito da gudu. Daga a7 ya bi b6, a5, a4, a3, b4, c3, d2, har d1, wato ya ratsa allon gaba ɗaya ya shiga layin gidan abokin gaba, ana binsa da kashedi. A taku na 44 Topalov ya miƙa wuya. Masu sharhi, da kwamfutoci daga baya, sun nuna cewa da ya ƙi cin hasumiyar farko ya matsa sarkinsa b6 kawai, da wasan ya tsaya daidai-wa-daida. Abubuwa biyu ne suka yanke hukunci a nan: lissafin Kasparov mai zurfin taku goma sha wani abu, da shawarar da Topalov ya yanke shi kaɗai a kan kujera, agogo yana tafiya. Ba littafin da ya ƙunshi ko ɗaya daga cikinsu.

Yanzu a koma teburan baya, inda ake buga wannan buɗi kowace shekara, a ga yadda yakan kaya. Mai fari ya ga wasan Kasparov a bidiyo, ya riƙe hoton: bishof e3, sarauniya d2, dakaren h ya ruga. Abin da bai riƙe ba wasu ƙananan taku biyu ne marasa armashi, dakare zuwa f3 a taku na shida da dakare zuwa a3 a taku na goma. Dalilinsu ɗaya. Dakaren e4, wanda duk ginin fari ya dogara a kansa, dokin c3 ne ke gadinsa, baƙi kuma yana tura dakarensa b5 ne don ya ƙara zuwa b4 ya kori dokin. Wanda bai san wannan ba zai ga b5 ya ɗauka ɓata lokaci ne, ya ci gaba da harinsa. Sai b4 ta zo, doki ya kauce, dokin baƙi ya faɗa e4 ya ci dakaren, ya kuma tsaya yana barazana ga sarauniyar da ke d2. In mai fari ya yi sa'a zai rama da dakaren gefe, amma tsakiyarsa ta rushe, harin ya mutu tun bai tashi ba. Zai zauna minti ashirin yana kallon allo, kunnuwa sun yi ja. Kuma abin da ya fi goyon bayan maganata shi ne, ko a nan ɗin wasan bai ƙare ba. Mai baƙi, da murna ta ɗebe shi, yana iya barin doki ba mai gadi a taku na 25, mai fari ya mayar da kyautar a taku na 33 saboda agogo ya matse shi, a ƙarshe wanda ya san yadda ake raka dakare ɗaya zuwa layin ƙarshe da taimakon sarki shi ne zai tashi da maki. Kayan aro, in ji masu magana, ba ya rufe katara.

Za a ce ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma wanda ya fara da kuskure zai yini yana biyan bashi. Gaskiya ne, misalin da na kawo ma ya nuna haka. Akwai tarkunan da ke kashe sabon shiga cikin taku huɗu, sarauniya da bishof su haɗu a kan f7 shi ke nan. Sai dai a duba abin da mutumin can ya rasa. Tsawon hadda ba zai cece shi ba, domin abokin karawarsa na iya sauya jerin takun, ya kawo b5 da wuri ko a makare, haddar ta watse. Abin da zai cece shi tambaya ce guda: wa ke gadin e4, kuma za a iya korar sa? Wannan ilimin tsakiyar wasa ne, yana aiki a taku na shida kamar yadda yake aiki a na talatin. Darar gida ma tana da nata buɗin. A yadda aka fi yin ta, kowa yana jera 'ya'yansa goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya a cikin gurabe talatin kafin a fara tafiya, kuma gwanaye sun san cewa jerin nan rabin wasa ne. Amma ba wanda ya taɓa haddace shi daga takarda. Tsohon da ya ƙware yana ajiye tsinkensa ne yana ganin layin ukun da zai haɗa nan gaba da wanda zai toshe wa abokinsa, shi ya sa duk yadda aka sauya masa jeri ba ya ruɗewa.

Hujja mafi ƙarfi a kaina tana zuwa ne daga Kasparov ɗin kansa. A Landan a shekarar 2000 Vladimir Kramnik ya ƙwace masa kambun duniya, kuma kowa ya yarda buɗi ne ya yi aikin. Kramnik ya tono wata tsohuwar kariya da ake kira ta Balin, wadda ke kawar da sarauniyoyi daga allo tun da wuri, Kasparov ya yi ta dukanta bai fasa ba, aka tashi bai ci wasa ko ɗaya ba. Manyan da ke De Moriaan ma da safe suna ɗakunansu na otal da kwamfuta da mataimaka, suna tace taku na ashirin na buɗin da za su yi da rana. In su suna haka, don me za a hana ƙarami? Amsar tana cikin girman kuskure. Tsakanin manya kuskure ɗan mitsitsi ne, don haka ɗan fifikon da aka samo daga gida yana iya rayuwa har ƙarshen wasa. A teburin da ake zubar da doki sukutum sau biyu kafin a tashi, wannan ɗan fifiko kamar kwabo ne a aljihun da ya huje. Kuma Kramnik ya zaɓi kariyar Balin ne domin ya san yadda ake riƙe irin wasan da take haifarwa, alhali ɗan kulob zai iya kwafe takunta goma na farko ya kuma faɗi a wasan. Mutumin da ya fi kowa cin wannan gasa, Magnus Carlsen na Norwe, sau takwas, an san shi da karɓar buɗin da ba ya ba shi fifikon a-zo-a-gani, ya yi ta matsa abokin karawa awa biyar ko shida har ya gaji ya yi kuskure. A nan ya fara fitowa duniya, yana ɗan shekara 13, lokacin da ya ci rukuni na uku a 2004.

Na yarda wasa ɗaya, ko da na Kasparov ne, ba ya zama dalili a kan dubban wasanni. Wanda yake son dalili mai yawa ya bi 'yan kulob bayan sun tashi, zuwa ɗakin shan kofi na zauren ko gidan shayin Café de Zon da ke cikin ƙauyen. Can za ka ga waɗanda suka yini suna faɗa sun sake jera 'ya'ya, sun baje takardunsu, suna bin wasan daga farko, 'yan kallo sun sa hannu, hayaniyar da aka danne tun rana ta ɓalle, wurin ya koma kamar gindin bishiyar darar gida. Ka lura da inda yatsu ke tsayawa. Takun farko ana wuce su da sauri kamar yadda aka buga su, gardama kuma tana can tsakiya, inda wani ya ga abu wani bai gani ba. Duk da haka, wanda ya faɗi yakan tashi da niyyar canza buɗi, domin ya fi sauƙi a ɗora wa Pirc laifi da a yarda ba a iya lissafin taku uku ba. Kasuwa kuma ta san wannan rauni. Manazarta a Belgired sun kasa buɗi gida ɗari biyar, daga A00 zuwa E99, Pirc yana farawa daga B07, kuma an rubuta littattafai a kan da yawa daga cikinsu, yuro ashirin da biyar zuwa talatin kowane. Ɗaya daga cikin manyan masu buga su, New In Chess, yana garin Alkmaar, 'yar tafiya kaɗan arewa da nan. Abu ɗaya ne ba ni da amsarsa sosai. Ɗan fanshon da ya shekara arba'in yana buga Pirc ba don ya zama zakara yake yi ba. Buɗin nan ya zama masa kamar hularsa, da shi aka san shi a kulob, yana jin daɗin karanta sabon littafi a kansa da daddare. In daɗi yake nema, ya samu, ba ni da ta cewa. Maganata da wanda ke ƙorafin makinsa ya ƙi hawa ne.

A hanyar komawa, in ta faɗo Asabar ko Lahadi, a sauka Beverwijk a shiga kasuwar De Bazaar, wadda aka fara a 1980, kuma ranakun nan biyu take ci. Rumfuna ne rufaffu masu yawan gaske, da sashen da Turkawa da 'yan Maroko da sauran mutanen gabas suka cika. A nan ne bayan kwanaki na burodi da cuku za a samu gasasshen naman halal, da dabino, da barkono mai yaji na gaske, kuma a nan ne kaɗai a duk tafiyar za ka taya kaya mai shi ya saurare ka. Hayaniyarta da ƙamshinta sun fi kusa da Kantin Kwari fiye da ƙauyen da ke kwatan awa daga nan. Cikin rumfunan tsofaffin kaya akan ci karo da allon ches na katako, wani lokacin da dakare ɗaya ya ɓata an cike gurbinsa da na wani allon. Daga tashar Beverwijk jirgi zai sake nutsewa ƙarƙashin mashigin, a canza wani a gefen Amstadam, zuwa Schiphol. Kafin biyar da rabi duhu ya rufe, ta tagar jirgi ba abin da ake gani a baya sai jan hasken masana'antar ƙarfe a jikin gajimare, a De Moriaan kuma a daidai wannan lokacin yawancin tebura ba su kai taku na arba'in ba.